Sayen Laftof: Daɗin Bakin Mai Shago da Sharaɗin Mayar da Kaya

  Yau kasuwa za mu leƙa, layin masu sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yaro da babba yanzu suke kira laftof.

A da, laftof kayan manyan ma'aikata ce. Yanzu kuwa ɗalibin da ya samu gurbi a jami'a yana neman ta, mai shagon buga takardu yana neman ta, haka malamin makaranta, haka baiwar Allahn da ke tallan atamfa da turare ta intanet. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, shi ya sa iyaye da dama suke son yaro ya saba da ita tun yana sakandare. Kuɗinta kuma ba na wasa ba ne. Wani uban sai ya kai buhunan masara kasuwa, wata uwar sai ta jira ɗaukar adashi, kafin kuɗin ya haɗu. Abin da aka tara da irin wannan wahala bai kamata ya salwanta cikin ɗan lokacin da mutum yake tsaye gaban kanta ba.

Ta ƙofa biyu kuɗin yake zurarewa. Ka shiga shago da niyyar sayen abu guda, a yi ta hura maka kunne har ka fito da wadda ta fi ƙarfin aljihunka, ga tarkacen da ba ka nema ba. Sannan ka kai ta gida, kwana uku ta fara mutuwa da kanta, ka dawo da ita, a nuna maka wani ƙaramin rubutu a gindin rasit wai kayan da aka saya ba a dawowa da su. Ni a ganina ciwon ɗaya ne: mai saye yana jin nauyin yin magana a lokacin da maganarsa take da ƙarfi, wato kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Sai dai mu yi adalci tukuna. Masu wannan sana'a a Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village ta Ikeja a Legas, yawancinsu halaliyarsu suke nema, kuma akwai da yawa da za su gaya maka gaskiya ko da za ta rage musu ciniki. Amma ka san yadda kasuwar take. Ribar da ke kan ita kanta kwamfutar ba ta cika yawa ba, domin shaguna a jere suke, kowa yana iya taka ƙafa ya tambayi maƙwabci farashi. Ribar tana cikin abin da aka jingina mata: jaka, linzami, manhaja, ƙarin garanti. Yaron shago kuma, ko dillalin da ya tare ka tun daga bakin titi, kamashonsa yana ƙaruwa gwargwadon abin da ka kashe. Manyan kantunan Turai da Amurka ma haka suke, a can ma mai jiran kanta ba ya barin mutum ya kai wurin biya sai ya yi masa tallan ƙarin garanti. Idan ka fahimci wannan, ba za ka ɗauki abin da zafi ba, kuma ba za ka ɗauki kowace magana a matsayin nasiha ba.

Ga yadda yakan kasance. A ce wani dattijo ya zo saya wa ɗiyarsa da za ta fara karatun koyarwa, ya nuna wadda kuɗinsa zai iya. Sai ka ji an ce: “Haba Alhaji, wannan ai ta yara ce. Mutum irinka ba zai kai wa ƴarsa wannan ba. Ga wata nan, allonta ana taɓawa da yatsa, tana juyawa har baya, ƙari kaɗan za ka yi.” Idan ya yi jim, sai a biyo da: “Wallahi ita kaɗai ta rage, yanzu wani ya taya ta, ya tafi ciro kuɗi.” Ko kuma: “Baba ka ɗauka yau, gobe dala za ta tashi.” A rufe da karin maganar da kowa ya sani, sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Karin maganar gaskiya ce, amma nagari shi ne abin da zai yi maka aikin da ka saye shi dominsa, ya kuma jure. Tsada kaɗai ba ta mayar da kaya nagari. Batun dala ma akwai ƙamshin gaskiya, tunda duk kayan nan daga waje ake shigo da su, sai dai dala ba za ta hana ka zagaya shaguna uku ka dawo ba. Duk maganar da manufarta ita ce ta hana ka tunani, ko ta sa ka ji kunyar talaucinka, ka san ba don kai aka yi ta ba. Wani lokaci ma za ka ga wani a gefe yana yaba kayan, yana tayawa sama da kai, alhali ba saye zai yi ba. Malamai suna kiran wannan najashi, kuma shari'a ta hana.

Yanzu bari mu tsaya a kan dabarar da ta fi cin mutane, domin a nan ne ko ɗan boko yakan faɗa. Za a ce maka: “Wannan Core i7 ce, waccan kuwa Core i5 ce kawai.” Kai kuma ka ji bakwai ta fi biyar, ka ƙara kuɗi. To sunan shi kaɗai bai isa ba. Kamar mota ne, a ce maka Toyota ce ba a gaya maka shekarar ƙira ba. Kamfanin Intel zubi-zubi yake fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin da ƴan kasuwa ke kira janareshan, kuma lambar zubin tana nan a rubuce bayan sunan. Idan ka ga i7-3520M, wannan 3 ta farko tana nufin zubi na uku, ƙirar 2012. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, ƙirar 2017. Ta farkon sassa biyu ne ke aiki a ƙwaƙwalwarta, ta biyun sassa huɗu, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 sauri nesa ba kusa ba, ga sauƙin cin batir. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake dubawa, misali i5-1135G7 zubi na 11 ce. Saboda haka kada ka tsaya ga ƴar takardar da aka manna a jikin kwamfuta, wannan kowa yana iya mannawa. Ka ce a kunna, a shiga saitin, a buɗe maka shafin da kwamfutar ke bayyana kanta, ka karanta da idonka.

Wannan batu na zubi ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Ita kuma Windows 11, a ƙa'idar kamfanin, ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa, in ban da wasu ƴan tsiraru. Masu gyara sun san hanyar cusa ta a kan tsofaffin kwamfutoci, don haka ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa kwamfutar ta zamani ce. Tsohuwa ba haramun ba ce, tana iya yi wa mai buga takardu aiki. Abin da ba daidai ba shi ne a sayar maka da ita a farashin sabon zubi.

Ɗalibi ko ma'aikacin da aikinsa rubutu ne, da lissafi, da shiga intanet, da kallon darasi, ram mai gig 8 da ma'ajiya irin ta SSD mai gig 256 sun wadatar da shi. Allon taɓawa abin sha'awa ne, amma idan ya fashe canjinsa ya fi tsada. Manyan kwamfutocin wasan gem kuwa nauyi gare su, ga zafi, ga shan batir, abin da mai zama a unguwar da wuta ke wuya ya kamata ya yi wa dogon tunani. Masu bukatar irin waɗannan su ne masu tace fim, da masu zanen gini, da ɗaliban injiniya da ke aiki da manyan manhajoji.

Kada kuma a ce na ce duk shawarar mai shago tarko ce. Idan ya ce ka bar mai tsohon faifai mai juyawa ka ɗauki mai SSD, ya yi maka alheri, domin bambancin saurinsu za ka gan shi tun daga kunnawa. Idan ya ce gig 4 ta yi kaɗan a wannan zamani, ya faɗi gaskiya. Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka tambaye shi: “Malam, wannan ƙarin, me zai canza a aikin da na gaya maka zan yi?” Mai gaskiya zai ba ka amsa a kan aikinka. Wanda kamasho yake hange zai koma yabon kaya da yabon ka.

Sai tarkacen da ake ɗorawa bayan an gama ciniki, lokacin da mutum ya saki jiki. Za a ce sai ka sayi maganin bairos, alhali Windows tana zuwa da nata mai suna Microsoft Defender, kyauta, kuma ya ishi mai amfani na yau da kullum. Za a ce a kawo kuɗin sa Office. Ka tambaya ko mai lasisi ce, a kuma nuna maka shaida, domin sau da yawa wadda aka fasa ce ake sa wa mutane, bayan wani lokaci ta fara damun su da saƙon neman lasisi, wani lokaci ma ta shigo da cuta. Idan ba ka da kuɗin lasisi akwai LibreOffice, kyauta ce kuma halal. Jaka da linzami kana iya sayensu ko'ina, ko yaushe. Abin da ni zan ce kada ka yi wa rowa shi ne caja ta asali, da soket mai kare kaya daga haukan wuta, domin wutar da ke zuwa da ƙarfi ba zato ta kashe kwamfutoci ba iyaka a ƙasar nan.

Ƙarin garanti na kuɗi kuwa, kafin ka biya ka tambayi waye zai ɗauki nauyinsa, kamfanin da ya ƙera ko shagon. Sabuwar laftof dama takan zo da garantin kamfani, galibi na shekara ɗaya. Idan na shago ne, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin takardar da aka ba ka ba, da kuma zaman shagon a wurin. Garantin da aka yi da fatar baki ba abin biya wa kuɗi ba ne.

To yaya mutum zai ƙi ba tare da ɓacin rai ba? Mu an raine mu da kunya da kara. Mutum ya ba ka kujera, ya aika a sayo maka ruwan sanyi, ya kunna maka kwamfuta huɗu, sai ka ji nauyin fita hannu rabbana. Kara hali ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi. Amma ruwan da aka ba ka ba bashi ba ne. Mai kaya idan tayi bai yi masa ba yakan ce albarka, ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin ɗa'a, kuma mai saye ma yana da irin wannan dama. Ka ce: “Na gode ƙwarai, Allah ya kawo kasuwa, amma wannan na zo saya.” Idan ya sake, ka sake maimaitawa da fara'a. Kada ka shiga kawo dalilai, domin kowane dalili ka kawo yana da amsarsa a shirye. Ka rubuto abin da kake bukata a takarda tun daga gida, ka ƙayyade iyakar kuɗinka, kuma kada ka fara da bayyana nawa ke aljihunka. Iyayenmu mata da dattawa musamman, ku tafi da wani ɗa ko ƙane da ya san kan abin, wanda kuma ba shi da la'ada a cinikin.

Masu sauraro, za mu ɗan numfasa. Idan mun dawo sai mu shiga ɓangaren da ya fi haddasa rigima a kasuwa.

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan sayen laftof, kuma mun iso kan sharaɗin mayar da kaya.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan rubutu na gindin rasit shi ne ƙarshen magana. Ba haka ba ne. A Najeriya akwai dokar tarayya ta 2018 kan gasa a kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sashe na 132 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku da karɓarsu idan sun gaza ingancin da ya kamata, shi kuma mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Dokar ta kuma hana yaudara wajen siffanta kaya, ta hana matsa wa mai saye lamba ta hanyar da ba ta dace ba. Hukumar ta sha nanata cewa rubuta “ba a mayar da kuɗi” ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi.

Mu kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, a babin ciniki ya hana ɓoye aibin kaya, ya ba wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ya kuma halatta a ƙulla ciniki bisa zaɓi na ɗan lokaci ƙayyadadde, don a jarraba kaya ko a yi shawara. Ke nan wanda ya nemi kwanakin gwaji bai zo da bidi'a ba, bai kuma zargi kowa ba.

Sai dai a nan dole in ja kunnen masu saye, domin su ma suna da nasu laifin. Aibi daban, canza ra'ayi daban. Idan kwamfuta lafiyarta ƙalau, kai ne kawai ka ga ta abokinka ta fi kyau, ba ka da ikon tilasta wa mai shago ya karɓa, sai dai in kun yi wannan sharaɗi tun farko. A mazhabar Malikiyya, da an yi tayi an sallama ciniki ya ƙullu. Idan mai kaya ya karɓa don ya ga ka yi nadama, alheri ya yi maka, kuma addini ya kwaɗaitar da hakan. Haka nan idan ya gaya maka tun farko cewa batirin ya yi sanyi, ya rage maka kuɗi a kan haka, ka yarda, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ta hannu kuma, wadda ake kira tokumbo, ba a sa ran ta yi daidai da sabuwa dal a kwali. Shi ya sa abin da aka faɗa lokacin ciniki yake da muhimmanci, kuma shi ya sa ya kamata ya hau takarda.

Kafin ka tura kuɗi, ka zauna da mai shago ku warware waɗannan. Kwana nawa ya ba ka, kuma daga yaushe ake fara ƙirgawa? Idan ta samu matsala cikin kwanakin, kuɗinka zai ba ka, ko wata zai canza maka, ko gyara zai yi? Wannan tambaya ita ce uwa, domin yawancin faɗan da ake yi a kasuwa a nan yake: mai saye yana nufin kuɗi, mai shago yana nufin canji, canjin ma sai ka yi ciko. Idan gyara ne, kwana nawa za ta yi a hannunsa? Akwai abin da zai cire daga kuɗin? Me da me ke rushe alkawarin, cire tambarin da ya manna a kan noti, ko zubar ruwa, ko fashewar allo, ko yar da kwali? Batir da caja suna ciki ko ba sa ciki? Duk abin da kuka daidaita, ya rubuta a kan rasit mai sunan shago, ya sa hannu, da kwanan wata. A rubuta samfurin kwamfutar, da ƙwaƙwalwarta, da ram, da ma'ajiya, da ko sabuwa ce ko ta hannu ko wadda aka sabunta. Sama da komai kuma, a rubuta lambar jikinta, wadda ake kira siriyal. Rasit da ba shi da wannan lamba ba ya nuna wace kwamfuta ka saya, kuma idan wata rana aka ce kayan sata ne, wannan takarda ce za ta tsaya maka gaban hukuma. In ta banki za ka biya, ka tura asusun shago, ba na yaron da ya rako ka ba.

Idan mai shago ya ce: “Haba ɗan'uwa, ba ka yarda da ni ba ne?” sai ka ce masa: “Na yarda da kai, amma rai da mantuwa, kuma ranar da zan dawo wataƙila yaronka zan tarar.” Ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya gudun rubutu, domin shi ma yana kare shi daga wanda zai dawo masa da wata kwamfutar daban. Wanda ya ƙi rubuta alkawarin da ya yi da bakinsa, ni dai shawarata ka bar masa kayansa.

Gwaji kuma a shago ake fara shi, ba cinikin biri a sama ba. Ka duba lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar ta yi daidai da wadda ke cikinta da ta jikin kwali. Kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna da shafi a intanet inda za ka sa lambar ka ga ko akwai sauran garanti, kuma nan take da wayarka za ka gane ko wadda aka ce sabuwa ce an daɗe da fara amfani da ita. Ka ce a fitar maka da rahoton batir, Windows tana bayar da shi, yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Ka danna kowane harafi, ka soka filashi a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika da kama intanet, ka buɗe farin shafi ka duba ko allon yana da tabo ko layi. Ka buɗe ka rufe ka ji ko maƙallan murfin sun saki. Ka tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri tun daga tushe ba. Idan MacBook ce, mai ita na farko ya zama ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba kana iya wayar gari ta kulle ba mai buɗewa.

Idan ka kai ta gida kada ka adana ta a akwati sai ranar komawa makaranta. Kwanakin da aka ba ka na gwaji ne, ka yi ta aiki da ita, ka cika batir ka ga awa nawa zai kai, ka lura ko tana zafi fiye da kima ko tana mutuwa da kanta. Ka ajiye kwali da rasit, ka ɗauki hoton rasit ɗin a waya. Da ka ga matsala ka ɗauki bidiyonta, ka sanar da mai shago a ranar ta saƙon da zai zauna a rubuce. Kada ka fara kai ta wurin wani mai gyara ya kwance, domin da an kwance ka ba shi hujja.

Wasu kan aika wa ɗan'uwa da ke waje ya sayo musu. A Ingila dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa. A ƙasashen Tarayyar Turai wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 na janyewa. A Amurka kuwa yawanci kowane kanti shi ke tsara sharaɗinsa, wasu ma suna cire wani kaso idan an buɗe kwali. Matsalar ita ce kafin a samu mai tahowa gida ya riƙo ta, kwanakin sun ƙare, kuma ba kowane garantin can ne yake aiki a nan ba. Don haka ka roƙi ɗan'uwan ya buɗe ta ya gwada tun tana can. Masu saye a shagunan intanet na gida ma su karanta sharaɗin kafin su danna, su kuma ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali.

Idan duk da haka aka samu saɓani, ka je da rasit ɗinka cikin natsuwa, ka nemi mai shagon da kansa. Hayaniya a bakin shago takan sa mutum ya kafe don kare mutuncinsa. In bai saurare ka ba, kasuwannin nan suna da shugabanni da ke sasanta irin wannan, kuma su ma ba sa son sunan kasuwarsu ya ɓaci. Daga nan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, kamar wadda Kano take da ita, akwai FCCPC da ke karɓar ƙorafi ta intanet da ofisoshinta. Akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki, waɗanda Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo baya, inda mutum ke iya tsaya wa kansa ba sai da lauya ba. Ko'ina ka je, abin da za a fara tambayar ka shi ne takarda. Ƴan'uwanmu da ke kama mu daga Nijar da Kamaru da Gana, dokokinku daban ne da na Najeriya, amma alkawarin da aka rubuta aka sa wa hannu yana da daraja a gaban kowane alƙali.

Ku kuma ƴan'uwana masu shaguna, na san wahalar da kuke sha, kuɗin haya, kuɗin fito, ga kayan da ku ma wani lokaci a rufe kuke karɓarsu. Amma ku dubi wanda ke tsaye gabanku. Idan ya ce ga aikin da zai yi, ku ba shi wadda ta dace da aikin. Idan batir ya yi sanyi ku faɗa, idan an taɓa canza allo ku faɗa. Ku goge wancan rubutu na gindin rasit, ku sa sharaɗi bayyananne da za ku iya cikawa, ku kuma ja wa yaranku kunne kan rantsuwar ƙarya. Ɗalibin da kuka yi wa gaskiya yana da ƴan aji, kuma shi za su tambaya inda ya sayi tasa.

Mai sauraro, idan kana da ɗa ko ƙanwa ko maƙwabci da ke shirin shiga kasuwa sayen laftof, don Allah ka isar masa da abin da ka ji, musamman batun rubuta kwanakin gwaji da lambar kwamfuta a kan rasit kafin ya biya.